Girkin Kirsimeti a cikin hunturu: me za a dafa, wane nama za a saya?

Tun da watan Disamba ya kama, saƙonnin da ke shigo mini kusan duk a kan tukunya suke. Na zaɓo guda huɗu, domin abin da ya dami masu su shi ne ya dami gidaje da yawa.

Tambaya daga wata uwa a Bukuru: Mama, sannu da aiki. Bana a gidana za a yi taron Kirsimeti. 'Ya'yana biyu za su zo daga Abuja da iyalansu, ga surukata, ga ƙannen maigida. Na ƙirga mutum 18 har da yara. Bara na dafa abinci kala bakwai, ban samu zuwa sujada ba, kuma kafin a zauna ci komai ya huce. Me zan dafa bana?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Kafin mu je ga abin da za ki dafa, sake ƙirga. Mutum 18 da kika faɗa su ne masu kwana a gidan. Ina kwanon maƙwabta? Ina 'yan Zumuntar Mata da za su leƙo bayan an tashi daga majami'a, da yaran unguwa masu shigowa ayari-ayari suna barka da Kirsimeti? A wajenmu abincin wannan rana rabi a gida ake cinsa, rabi yara ke fita da shi a kan tire. Ki zauna da biro ki rubuta gidajen da za ki aika wa ɗaya bayan ɗaya, ki ɗauki kowane kwano a matsayin cin mutum biyu ko uku. Idan gida shida ne, kin ga kin tashi daga 18 kin haura 30. Yawancin matan da abinci ke yanke musu ranar biki wannan lissafin ne ba su yi ba.

Awo kuwa, gwangwanin madara ɗaya na ɗanyar shinkafa ya ishi babba ɗaya, rabinsa ya ishi yaro. Ban ce miki mudu kaza ba, saboda mudun Jos daban, tiyar Kano daban. Auna naki mudun da gwangwani sau ɗaya ki san nawa yake ci, shi ke nan.

Sai maganar hucewa, wadda ita ce ta fi damuna a cikin saƙonki. Bukuru a kan tudu take, sama da mita 1,200, kuma ƙarshen Disamba shi ne tsakiyar hunturu. Kin san yadda kwanon miya yake idan ya yi minti goma a kan tebur a irin wannan lokaci: kitse ya taso ya yi fari a gefe, manja ya daskare, cokali ya tsaya a ciki. Mace mai murhu biyu ko uku idan ta ce sai kala bakwai, dole ta farko ta huce kafin ta bakwai ta nuna. Shawarata ki tsaya a kala huɗu, kuma ki zaɓi waɗanda suka dace da sanyi.

Dafa-duka ita ce uwar tafiya, domin ita yara ke jira, ita ce kuma mai sauƙin zubawa a kwanon maƙwabta. A gefenta ki yi jar miya da soyayyen nama, da man gyaɗa, don ya fi manja da kitse jure sanyi. Na uku farfesu, na kayan ciki ko na kaza, da citta da masoro da kanumfari sosai. Shi ba ya sauka daga wuta. Ki bar shi a kan gawayi kaɗan, duk baƙon da ya shigo hannunsa a daskare a zuba masa a ƙaramin kwano. Na huɗu saboda surukarki da sauran manya: gwaten acca da yakuwa da alayyafo da gauta. Na sha ganin tsofaffi suna ɗan tsakurar shinkafa don kara, amma da aka kawo gwate da zafinsa sai suka gyara zama. Ba ya cin kuɗi, ba ya cin mai, kuma shi ne abincin da zai sa su ji suna gida.

Haɗin kabeji da karas ban sa shi a lissafi ba, don ba ya hawa wuta, kuma ku mutanen Filato a ƙofar gida kuke samunsa. A yanka shi ana gab da ci, a rufe saboda ƙurar hunturu, kada a zuba masa bama sai a faranti. Abin sha, zoɓo mai citta ya wadatar da rana. Da safe kuma kunun gyaɗa mai zafi da cincin ya riƙe yara har a dawo daga sujada.

To, yaya za ki samu zuwa majami'ar? Ki raba aikin kwana uku. Ranar 22 ko 23 a soya cincin, a niƙa tumatir da tattasai da attaruhu a tafasa su har ruwan ya tsane. Ranar 24 a yi yanka, a tafasa nama, a soya, a haɗa jar miyar da yamma, a adana romon. A gyara acca a wanke ta tun ranar, don cire yashinta aikin haƙuri ne, ba na safiyar biki ba. Ranar 25 ki ɗora farfesu da gwate da asuba, ki yi kwalliya ki tafi sujada. Shinkafa kaɗai za ki dafa bayan kin dawo, kuma tunda kayan miya da romo suna nan a shirye, ba za ta kai ki awa guda ba. Kafin ki zuba a kula, ki cika kular da tafasasshen ruwa na minti biyar ki zubar. Za ki ga bambanci. Abin da ya rage na shinkafa kada ya wuce awa biyu a waje. Idan babu wuta a firji, gara a rabar da shi a daren, kada sanyin gari ya yaudare ki a kwana da shi a tukunya.

Matan 'ya'yanki da 'yan matan gidan, ki ba kowacce tukunyarta tun yanzu, da suna. Samari su ɗauki ɗiban ruwa, hura gawayi da kai kwanuka. Ina so bana ki zauna a cikin jikokinki ki ci da zafinsa.

Tambaya daga wani magidanci a Kafanchan: Mama, mu 12 ne a gida. Abokan aikina suna haɗa watanda, matata kuma ta ce akuya take so, yara sun ce kaji. Kuɗin ba zai kai duka ba. Wanne ya fi?

Amsa: Maigida, idan yawan nama ake nema a kan kuɗi ɗaya, watanda ta fi, domin kun sayi sa daga kara kai tsaye, ribar mai tebur ta dawo aljihunku. Amma kafin ka ba da kuɗinka ka yi tambaya uku. Kashi nawa za a yi? Wa zai je sayen san, kuma ya san dabba? Kai da ƙafa da fata, rabawa za a yi ko sayarwa za a yi a rage kuɗin fiɗa? Rigimar watanda kusan kullum daga nan take tashi. Ranar rabo ka je da kanka, ka ga cewa kowane kashi ya samu tsoka da ƙashi da hanta da tumbi daidai. Ka kuma tuna cewa naman zai iso gida gaba ɗaya a yini ɗaya. In wutarku ba ta tsayawa, sai a tanadi mai da itace a soya shi duka a ranar, ya soyu ƙwarai, a baza shi a kwando ya sha iska. Wannan ma kuɗi ne, ka sa shi a lissafi.

Uwargida ma tana da hujjarta. Akuya ɗaya tana ba da nama, ta ba da farfesun kayan ciki, ta ba da kai da ƙafa na washegari, kuma ranar 26 ma hutu ce, baƙi ba su ƙare ba. In ita za ka saya, nemi taure, don bunsuru yana da ƙarni. Shafa gadon bayansa ka ji tsoka, duba ido da hanci babu ruwa, duba bayansa babu alamar zawo. In kana da wurin ɗauri da harawa, saya da saura mako biyu, kafin farashi ya hau.

Kaji kuwa iri uku ne a kasuwa, kuma kowanne da aikinsa. Na gidan gona masu ƙiba, waɗanda ake kiwo mako shida zuwa takwas, na suya ne. In ka jefa su a miya sai su dagargaje. Tsofaffin masu ƙwai namansu da tauri, shi ya sa suka fi dacewa da farfesu da jar miya. Kajin gida sun fi duka daɗi, sai dai hunturu lokacin annobar kaji ne. Kada ka saye su da wuri ka zuba cikin na gidanka, za ka iya rasa duka.

Da ni ce, a gidan mutum 12, rabin kashi zan shiga a watanda, in ƙara da tsofaffin kaji biyu. Naman sa ya tafi suya da kwanon maƙwabta, kaji su tafi farfesu, yara su samu cinyarsu. Ka zauna da uwargida ku yi lissafin tare, don ita za ta tsaya a bakin murhun.

Tambaya daga wata amarya a Wusasa: Mama, wannan ce Kirsimetina ta farko a ɗakina. Maƙwabtanmu Musulmi ne, da Babbar Sallah sun aiko mana da nama da waina. Ina so in rama, amma ina tsoron kada in aika abin da ba za su ci ba.

Amsa: 'Yata, kin yi tunani mai kyau, kuma hanyar tsohuwa ce, iyayenmu sun bi ta. Ki sa maigidanki ya kira maƙwabcin ko wani mahauci Musulmi ya yi yankan, ko kaza ce ko akuya. Su da kansu za su san an yi haka, hankalinsu ya kwanta. Tukunya da ludayi su zama waɗanda ba su taɓa naman alade ba, kada giya ta shiga girki ko kaɗan. In kina shakka, aika abin da babu nama a ciki: cincin, kek, lemo, ko ɗanyar shinkafa da kaza mai rai su yanka da kansu. Ki kai da kanki ga uwargidan, ki gaishe ta, ki ce ga na Kirsimeti. In wani gida ya yi godiya ya ce ba ya karɓa, kada ki riƙe a zuciya. Gobe ki gaishe su kamar kullum.

Tambaya daga wata mata a Kaduna: 'Yata ta ga Turawa suna gasa talo-talo ɗungurungum, ta ce mu ma mu yi. Ya cancanci kuɗinsa?

Amsa: Al'adar mutanen Ingila ce da Amurka, kuma an gina ta a kan tanda mai riƙe zafi daidai na awanni. Talo-talo mai kilo 5 yana buƙatar wajen awa uku zuwa uku da rabi a zafin digiri 180, kuma sai tsakiyar cinyarsa ta kai digiri 74 kafin a ce ya nuna. In tandarki ta lantarki ce kuma wuta tana ɗaukewa, ko iskar gas ɗinki ta kusa ƙarewa, za ki tashi da waje ƙonanne, ciki da jini. Daskararren da ake sayarwa a kwali kuma ki yi hattara: gwamnati ta daɗe da hana shigo da irinsa daga waje, wanda ya shigo ta ɓarauniyar hanya ba ki san sau nawa ya narke ya sake daskarewa ba. In yarinyar ta ƙwallafa rai kuma aljihu ya yarda, sayi mai rai, a yanka, a daddatsa, a tafasa da albasa da citta da tafarnuwa, sannan a gasa gunduwa-gunduwa a kan gawayi ana shafa yaji da mai. Ƙirjin ki sauke shi da wuri, don shi ne ke fara bushewa. Romon kuma ki zuba shi a dafa-duka.