Tambayi Likita: ƙullutu a mama, da maganar wai daji ba ya son ƙarfe

Wani Malam daga Kuseri ya ce sati uku yana tari, ga zufa da dare ga rama, ya sha sirop har kwalba biyu babu sauƙi.

Malam ajiye kwalbar nan. Tarin da ya wuce sati 2 gwajin kaki ake masa da hoton ƙirji. In tarin fuka ne maganin kyauta ne, wata 6 ake sha ba fashi, ko ka ji ka warke kar ka tsaya. Gobe ka je asibiti, ka tafi da yaran gidan in akwai mai tari.

Wata 'yar'uwa daga Marwa ta ce wata 4 kenan tana jin ƙullutu a mamanta na hagu, ba ya zafi, surukarta ta hana ta zuwa asibiti wai daji ne, daji kuma ba ya son ƙarfe, in allura ta taɓa shi sai ya fusata, an kawo mata wani baƙin magani tana shafawa.

'Yar'uwa wannan ita ce tambayar da ta fi tsaya min a rai. Da farko dai yawancin ƙullutun mama ba kansa ba ne, wato ciwon daji, amma hannu ba ya bambancewa, ko nawa hannun. Rashin zafin ma kar ya kwantar miki da hankali, don sankarar mama sau da yawa haka take farawa shiru. Eko za a yi miki, wato hoton cikin maman da na'ura, in da buƙata a ɗauki ɗan nama kaɗan da allura a kai gwaji, shi ne kaɗai zai faɗi gaskiya.

Maganar ƙarfe kuwa, na san inda ta samo asali. Mace za ta zauna shekara guda ana shafe-shafe da turare da tsaga, sai ciwo ya riga ya kai huhu ko ƙashi sannan a ɗauko ta, a yi aiki, ta rasu, sai a ce wuƙar likita ce. Wallahi ba wuƙa ba ce, jinkirin ne. Na sha buɗe zani na tarar da fata ta zagwanye saboda irin wannan baƙin maganin, ana ta murna wai yana janyo ciwon waje alhali ƙona naman yake, ga wari, ita kuma baiwar Allah tana ta ɓoye fuska don kunya. Raina yana ɓaci ƙwarai da masu sayar da wannan abu. Dan Allah ki wanke shi yau.

Na san tafiya Yawunde ko Duwala neman magani ba wasa ba ce, kuɗin mota har Ngawundare, kwanan jirgin ƙasa, ga masauki. To amma ƙullutun da aka kama yana ƙarami galibi ana cire shi a warke, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Ki samu maigidan ki karanta masa wannan, Inna kuma a lallaɓa ta cikin ladabi, ƙauna ce ta sa ta, addu'a a ci gaba da ita. In kin ga kan maman ya lotsa, ko jini na fita, ko fata ta zama kamar ɓawon lemu, ko kaluluwa a hammata, to ko kwana ɗaya kar ki ƙara. Ko babu su ma, ki je cikin satin nan.

Wani matashi daga Garwa: shisha ta fi taba sauƙi?

A'a ƙanina, ruwan da ke cikinta ba ya hana gubar hayaƙin wucewa, ga hayaƙin gawayi a kai.

Wata Hajiya na tambaya ko ana ɗaukar kansar huhu, mahaifinta ne ke da ita, an ware masa kwano.

Ba a ɗauka Hajiya, ku mayar da Baba cikinku ku ci tare. Zafi in ya yi yawa ku faɗa wa likitansa, akwai magani mai ƙarfi har da mofin. In numfashi ya fara gagara ko ya yi tarin jini, a kai shi asibiti ko tsakar dare ne, wani lokaci ruwa ne ya taru a ƙirji kuma ana zuƙe shi ya samu sauƙi.