Amsa ga mai tambaya kan haɗa ƙaramin injin tururi a gida

Wa'alaikumus salam ƙanina. Na ga tambayarka tun jiya, wai kana so ka haɗa ƙaramin injin tururi mai juyawa da gaske amma ba ka da injin tana, wato injin fiƙe ƙarfe, kuma ko gwangwanin madara zai yi a matsayin tukunyar dafa ruwan. Na farkon zai yiwu sosai, na biyun kam don Allah ka cire shi daga ranka.

Ni dai shawarata ka manta da wuta da ruwa tukuna, ka fara haɗa injin shi kaɗai ka tayar da shi da iska. Famfon keke ma ya isa, ko kwamfaresar mai faci idan an rage mata ƙarfi. Injin da bai juya da iska ba ba zai juya da tururi ba, to me zai kai ka ƙona yatsa a banza.

Irin wanda za ka fara da shi shi ne mai silinda mai lilo, wanda kamfanin Mamod na Ingila ya riƙa sa wa a kayan wasan yara shekaru da dama. Ba shi da bawul ko ɗaya. Silindar ce take lilo a kan ƙusa guda, akwai huda ɗaya a bayanta, a jikin ƙarfen da take jingine kuma huda biyu, ta shiga da ta fita. In ta karkata nan tururi ya shiga ya tura fistin, wato ɗan ƙarfen da ke kai da komowa a cikin silindar, in ta karkata can ya fice. Shi ke nan fa aikin. Injuna irin su Stuart 10V da kake gani a YouTube masu kyau ne amma sai da injin tana da haƙuri mai yawa, bar su sai gaba.

Silinda ka nemi bututun tagulla mai faɗin ciki kamar milimita 10, fistin kuma ka kai wa mai tana ya fiƙe maka, aikin mintuna ne, a Panteka ta Kaduna ko wajen Ƙofar Ruwa a Kano ba za ka rasa ba. Ka ce masa ya bar shi da ɗan matsi kaɗan, in ka dawo gida ka shafa man goge haƙori kana zurawa kana juyawa har ya riƙa santsi, sannan ka wanke tas. Gwajinsa: toshe hudar da yatsa ka ja fistin ɗin, in ya nemi komawa da kansa to ya yi.

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne fuskokin nan biyu da suke gogar juna, ta silindar da ta ƙarfen da take jingine. Dole su kwanta sumul. Ɗora samfefa mai laushi a kan gilashi, ɗiga ruwa, ka riƙa goga fuskar kana zagayawa kamar kana rubuta 8, kar ka danna gefe ɗaya. Ka shafa mata baƙin alƙalamin maka kafin ka fara, duk inda baƙin ya rage to wajen rami ne, ci gaba da gugar. Hudojin kuma kar ka yi su da ƙiyasin ido. Samu ɗan siririn ƙarfe ka huda masa wajen ƙusar lilo da wajen ƙusar karanshaf (sandar da fistin ke juyawa) da wajen tururi daidai da awon silindarka, ka ɗora shi, ka juya karanshaf har ya kai ƙarshen karkata ka sa alama, ka juya ɗaya ɓangaren ka sa alama. Huda ta milimita 1.5 zuwa 2 ta isa, kuma tazarar da ke tsakaninsu kar ta gaza faɗin hudar, in ba haka ba tururin zai shiga ya wuce kai tsaye sai dai ka ji fuuu injin na tsaye. Sifirin da ke matse silindar ma ba a ɗaure shi tamau, ya yi ƙarfi ya riƙe injin, ya yi sako-sako ya yi yoyo, da hannu za ka gane. Tayar juyi kuwa, wato tayar da ke kan karanshaf, ta zama mai nauyi a baki.

To yanzu tukunya. Ruwa in ya zama tururi yana kumbura wajen ninki 1,600, gwangwani kuma siririn ƙarfe ne mai tsatsa. Bututun jan ƙarfe ake yi da shi, faɗi kamar milimita 50, kauri sama da milimita ɗaya, masu gyaran firij da AC sun san inda ake samu. Liƙin dalma irin na masu gyaran rediyo yana narkewa tun wajen digiri 183, ruwa na ƙarewa a tukunya zai saki. Liƙin azurfa ake yi, shi sai ya haura 600, in ba ka iya ba ka roƙi maƙerin fari ya kama maka. Sai bawul ɗin kariya da zai buɗe da kansa, ƙwallon boris da sifirin ne kawai, ka saita shi bai wuce bar 1.5 a gejin matsi ba, wannan injin ba ya buƙatar fiye da haka.

Kafin ta ga wuta ka cika ta maƙil da ruwan sanyi ba iska ko kaɗan, ka matsa da famfo har ninki biyu na ƙarfin da za ta yi aiki, da geji a jiki, ka bar ta ɗan lokaci. Haka ƙungiyoyin masu wannan sha'awa suke wa sabuwar tukunya a Ingila. Ruwa ba ya matsuwa, in akwai rauni ɗiga kawai zai yi. Kar ka kuskura ka yi wannan gwajin da iska.

Ranar kunnawa ka zuba ruwa kashi biyu cikin uku, ruwan sama da aka tace ya fi na burtsatse saboda farin dattin da yake bari. Wutar sifirit ta fi tsafta, ka auna ta yadda za ta mutu kafin ruwa ya ƙare, kuma da rana ba a cika ganin harshenta ba, a kori yara gefe. Da farko zai riƙa tofar da ruwan zafi don silinda da sanyi, kuma ba ya tashi da kansa sai ka kaɗa tayar da yatsa.

Turo hoton kayan da ke hannunka da awon bututun, sai mu lissafa maka tazarar hudojin. Allah ya taimaka.