Tayil ya iso a farfashe: wa zai ɗauki asarar?

Wata baiwar Allah daga unguwar Mabera a Sakkwato ta rubuto cewa ta sayi tayil kwali 24 daga Kano don gyaran banɗakuna biyu kafin bikin 'yarta. An kawo da dare, aka jibge a zaure. Sai bayan kwana uku mai sa tayil ya buɗe, ya tarar kusan kwali huɗu sun farfashe. Mai shago ya ce laifin direba ne, direba ya ce yadda aka ba shi haka ya kawo. Ta ce ko barci ba ta iya yi.

Hajiya, Allah ya mayar da alheri, ki kwantar da hankalinki, biki ba zai tsaya saboda wannan ba. Kada ki bari a zubar da ko guda. Banɗaki wuri ne mai yawan lungu, akwai bakin ƙofa, bayan masai da kewayen bututu, duk sai an yanka tayil kafin ya zauna. Mai aikin kirki zai ci moriyar da yawa daga cikin masu guntulallen gefe a waɗannan wurare. Shi ya sa ma ake ƙara kashi 10 cikin 100 a kan awon da aka yi.

Sannan ki sa a duba bakin fashewar. Wanda ya fashe a hanya bakinsa fes yake, kuma za a ga ɓurɓushinsa a gindin kwali. Idan bakin ya yi ƙura, ba ɓurɓushi, kuma fasassun duk a tsakiyar kwali suke an lulluɓe su da lafiyayyu, to tun daga shago aka cusa miki su. Ki ɗauki hoto da lambar da ke jikin kwalin ki tura wa mai shagon, ki nemi a raba asarar. In ya ƙi, akwai shugabannin kasuwarsu, kuma ɗan kasuwa ya fi jin kunyarsu fiye da kukanki. Wajen sayen ciko ki kula da wannan lambar, domin tayil iri ɗaya da aka gasa a lokuta daban-daban yakan bambanta a launi, sai an manna shi sannan ido yake gani.

Amma bari in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, don ba ke kaɗai ba ce. Me ya sa muke karɓar kaya ba mu buɗe ba? Mutum zai tsaya a Babbar Kasuwa yana juya buhun gero, yana tsoma hannu har ƙasa, amma kayan dubban ɗaruruwa su iso ƙofar gidansa sai ya ce wa direba "sannu da hanya, Allah ya saka", ya sallame shi. Wai kunya. Wai kada a ce bai yarda da mutane ba. Kunyar mara kunya asara ce! Daga Kano zuwa Sakkwato ya haura kilomita 500, a bi Funtuwa, Gusau, Talatar Mafara, ga ramuka ga birki. Wanda aka ɗauko daga Legas kuwa tafiyarsa ta ninka haka. Sau da yawa ma ba a ƙofarka motar za ta tsaya ba, sai an sauke a tasha, 'yan dako su loda a Keke Napep ko kura. Kowane sauyin hannu wata dama ce ta fashewa, kuma kowane hannu zai ce ba shi ba ne.

Maganar wa zai biya, kafin a loda ake yin ta. A tambayi mai shago ƙarara: in ya fashe a hanya, na wa ne? Ya amsa a rubuce, ko a saƙon WhatsApp ne. In shi ya nemo motar, kayan na wuyansa har su shigo hannunka, a riƙe wani abu daga cikin kuɗin sai an ƙirga. In kai ka nemo direba, to kai da direba ne, a yi sharaɗin a gaban 'yan ƙungiyar tasha. A ce a jera kwalayen a tsaye bisa gefensu, a matse su, domin tayil da aka kwantar aka ɗora masa nauyi shi ne farkon karyewa. Ranar saukewa kuma a buɗe da rana, direba na tsaye, waya na ɗaukar bidiyo. In dare ne ya jira safiya, ko a rubuta cewa ba a duba ba. Kuma don Allah masu sayen kaya daga hoton waya saboda rangwamen 'yan kuɗi kaɗan, ku haɗa da kuɗin mota, na dako da na fasassu, ku gwada da farashin nan cikin gari, inda za ku mayar da kwali a rana ɗaya.

Wani magidanci daga Arkilla ya ce masan zama da aka kawo masa yana da siririn tsagu a gindi, mai aikin famfo ya ce a shafa gam a wuce wurin. Yana tambaya ko ya yarda.

Malam, wannan ma abin tambaya ne? Abin da iyalinka da tsofaffinka za su zauna a kai? Tangaran in ya tsage ƙaruwa yake yi, zai riƙa tsiyaya a ƙarƙashin daɓe, kuma ranar da ya dare kaifinsa kamar wuƙa ne. Ka mayar. Na gaba kuma ka ƙwanƙwasa shi da yatsa kafin ka biya: lafiyayye ƙararsa garau take, mai tsagu kuwa a dakushe. Shi kuma mai aikin da ya ba ka wannan shawara, ka sa ido a kan sauran aikinsa.

Wani matashi daga Bodinga ya ce ruwan sama ya taɓa siminti buhu shida a bayan buɗaɗɗiyar mota, yanzu akwai curi-curi a ciki.

Ɗana, ka murza curin da yatsa. In ya koma gari, yi amfani da shi nan da nan. In ya yi tauri kamar tsakuwa ya riga ya sha ruwa, ba zai riƙe tayil a bango ba, kada ka yarda a daka a tankaɗe maka. Siminti dai a Kalambaina, nan kusa da Sakkwato, ake yin sa, ba abin da zai sa ka tara. Ka sayi na kwana biyu ko uku, ka ɗora a kan katako nesa da bango, kuma da damina kada ka sake loda wa motar da ba ta da tamfol.