Sabon Ingarma: In Saya, In Kai Goɗiya, Ko In Dakata?

Wasiƙun wannan makon na masu dawaki ne. Uku daga ciki a kan magana ɗaya suke, wato sabon ingarma torobired (jinsin dawakin tsere da aka tace a Ingila) wanda ba a ga 'ya'yansa ba tukuna, don haka na haɗa su wuri guda.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da goɗiyoyi uku, biyu jinin Sudan, ɗaya 'yar Arewa. Wani dillali ya kawo mini tallan ingarma torobired ɗan shekara 5, ya ce bai daɗe da shigowa ƙasar nan ba. Ya turo mini bidiyon tseren da ya ce dokin ya ci a waje, ya ce kuma ubansa shahararre ne. Bai taɓa barbara ba. Niyyata in saye shi don goɗiyoyina, in kuma riƙa karɓar kuɗin barbara daga masu kawo nasu. Kuɗin da aka sa masa ba kaɗan ba ne. In shiga? Daga mai barga a Azare.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Dillalin ya nuna maka gudun dokin, alhali kai ba gudunsa za ka saya ba, 'ya'yansa za ka saya, su kuwa babu wanda ya taɓa ganinsu. Cinikin biri a sama ke nan. Ko a Ingila da Amurka, inda ake da rajistar dawakin tsere, haka ake cinikin sabon ingarma, bambancin kawai su sun san caca suke yi, kuma suna raba asarar a tsakaninsu ta hanyar sayar da hannun jari a kan doki ɗaya.

Ka fara da lissafin lokaci. Goɗiya tana ɗaukar ciki kusan kwana 340, wata 11 da ɗoriya. In ya hau ta bana, sai baɗi za ta haihu. Ɗan ba zai shiga fili ba sai ya kai shekara 2, kuma ainihin abin da zai iya ba ya fitowa sai a shekara ta 3. Ka ga shekara huɗu ke nan kana ba ingarma hatsi, dusa, harawa da magani, kana biyan yaran barga, kafin ka san ko uba ne ko kuwa kyan gani kawai.

Tarihin tseren dawaki cike yake da waɗanda suka ba masana kunya ta kowane ɓangare. Wani doki mai suna Fusaichi Pegasus ya ci Kentucky Derby, shahararren tseren nan na Amurka, a 2000, aka sayar da shi a kan kuɗin da aka ruwaito ya kai dala miliyan 60 zuwa 70. An fara kuɗin barbararsa a dala 150,000, amma da 'ya'yan suka kasa kai inda aka zata, sai da ya sauko zuwa dala 7,500. Cigar ya ci tsere 16 a jere, har da kofin duniya na Dubai na farko a 1996. Da aka kai shi barga, cikin goɗiyoyi 34 da ya hau babu ko ɗaya da ta ɗauki ciki, inshora ce ta biya masu shi. Ka dubi ɗaya gefen kuma. Northern Dancer, wanda aka haifa a Kanada a 1961, gajere ne, har aka rasa mai sayensa a kan dala 25,000 yana ɗan shekara ɗaya. Ya zo ya ci Kentucky Derby a 1964, daga baya kuɗin hawansa goɗiya ɗaya ya kai dala miliyan 1, kuma yau da wuya ka buɗe asalin babban dokin tsere ba ka ga sunansa ba. Ɗansa Danzig tsere 3 kacal ya yi, ciwon gwiwa ya tsayar da shi, amma ya zama ɗaya daga manyan iyayen dawakin zamaninsa. Akwai dai irin su Frankel, wanda ya ci tsere 14 cikin 14 kuma 'ya'yansa suka gaje shi, sai dai irinsa ba a samunsa kullum, kuma ba irinsa ake kawowa talla ta hannun dillali ba.

A nan ne tambayar da ya kamata ka yi wa kanka take: in har dokin nan ya ci manyan tsere kuma asalinsa ya kai yadda ake faɗa, me ya sa masu shi suka rabu da shi maimakon su ajiye shi ya yi musu barbara? Ba lallai ne akwai ha'inci ba. Sau da yawa amsar ita ce ƙaramin tsere ya ci, ko ya samu rauni, ko asalinsa matsakaici ne a can. Wannan ba aibi ba ne a wurinmu, domin matsakaicin torobired ma yana iya ƙara wa goɗiyar Arewa tsawon ƙafa da sauri. Amma a saye shi a kan kuɗin matsakaici, ba a kan kuɗin labarin dillali ba.

Maganar "ubansa shahararre ne" ita ce mafi arha a kasuwar doki. Babban ingarma a Turai ko Amurka yana hawan goɗiyoyi sama da 100 a shekara, to 'ya'yansa maza ɗaruruwa ne, kuma mafi yawansu ba su zama komai ba. In aka bi ta ɓangaren uba ma, kusan kashi 95 cikin 100 na torobired na yau suna komawa ga doki ɗaya, Darley Arabian, wanda aka kai Ingila daga birnin Halab na ƙasar Siriya a 1704. Inda ake rarrabewa shi ne uwa. Ka tambayi sunanta. Ta yi tsere? Me ta ci? Sauran 'ya'yanta fa, da na kakarsa ta wajen uwa? Dillalin da ya haddace sunan uba amma ya hau inda-inda a kan uwa, ka rage kuɗin da kake niyyar tayawa.

Sai takardu. Tun 1791 ake rubuta asalin waɗannan dawaki a Ingila, kuma manyan ƙasashen tsere kowace tana da rajistarta. Doki na gaske yana da fasfo mai sunansa, ranar haihuwa, zanen alamomin jikinsa har da inda gashi ya yi juyi a goshi da wuya, da lambar 'yar na'urar da ake dasawa a gefen hagu na wuyansa. Ka sa likitan dabbobi ya ɗora na'urar karantawa a wuyan, lambar da ta fito ta dace da ta fasfo. Da sunan nan kuma ko ɗanka zai iya bincika tarihin tserensa a intanet cikin mintuna kaɗan: nawa ya yi, nawa ya ci, a wane nisa, a kan ciyawa ko a kan ƙasa. Wannan na ƙarshe ya dame mu, domin filayenmu ƙasa ce mai tauri da yashi, kuma yawancin tserenmu ba mai dogon zango ba ne. Bidiyon da aka turo maka ba hujja ba ce, jan doki mai farin goshi ya fi dubu a duniya.

In takardu sun yi daidai, ka je da kanka da sassafe, kafin a fito da shi kilisa, lokacin da jiki bai yi ɗumi ya ɓoye ciwo ba. A tsayar da shi a ƙasa mai tauri. Ka sa yaro ya ja shi ya nufo ka a miƙe, sannan ya juya ya tafi, ka zuba wa ƙafafun ido: suna sauka a layi ɗaya, ko yana watsa kofato waje, ko gwiwoyin suna karkata ciki? Ka shafa hannu a bayan ƙwaurin ƙafar gaba daga gwiwa zuwa ƙasa, ka ji ko akwai kumburi ko zafi a jijiya. Raunin da ya samu a fili ba ya bin jini, amma karkatacciyar ƙafar da ta jawo raunin tana bi. Ka ɗaga leɓensa ka ga ko haƙoran sama da na ƙasa sun haɗu. A sukwane shi, ka tsaya kusa ka saurari numfashinsa, in kana jin wata ƙara kamar fito lokacin da yake jan iska, ciwon maƙogwaro ne, kuma masu kiwo suna gudun irin wannan a jikin uba. Ka duba cewa maraina biyun duk sun sauko. Ka kuma lura da yadda yaran barga suke shiga wurinsa, in da sanda suke shiga, ka san halin da za ka kai gidanka.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne haihuwa, ga labarin Cigar na gaya maka. Likita ya ɗebi maniyyinsa ya duba yawansa da motsinsa. Dokin da bai daɗe da barin tsere ba wani lokaci magungunan da aka yi masa suna rage masa ƙarfi na ɗan lokaci, kuma jikinsa yana ɗaukar kusan wata 2 kafin ya haɗa sabon iri, saboda haka gwaji ɗaya mara kyau ba hukunci ba ne, a sake. Abin da na fi so dai shi ne ku yi yarjejeniya a gaban shaidu: ka ba da wani kaso, ya hau goɗiyoyinka biyu, bayan mako biyu zuwa uku likita ya yi musu hoton ciki, in sun ɗauka ka cika kuɗi. Mai dokin da ya yarda da kayansa ba zai ƙi wannan ba.

Ko ya tsallake duk wannan, saura ya rayu. Ciwon dawakin Afirka, wanda ƙananan ƙwari masu cizo da almuru suke yaɗawa, yana nan a ƙasarmu. Dawakinmu na gida sun saba da shi gwargwado, amma baƙon da bai taɓa haɗuwa da shi ba, ciwon yana iya kashe 9 cikin 10. Za ka ga saman ido ya kumbura, numfashi ya yi wuya, kumfa na fita ta hanci, kafin kwana kaɗan an rasa shi. Ga kaska da zazzaɓin da take sawa, ga zafin Azare a watan Afrilu. Rigakafi, ɗaki mai raga, shigar da shi kafin faɗuwar rana, duk ka sa su cikin farashi. Shi ya sa dokin da ya riga ya yi damina biyu a nan ya fi mini wanda ya sauka jiya daraja, ko da na jiyan ya fi shi asali.

Shawarata, Alhaji: da goɗiya uku kacal, kada ka ɗauki nauyinsa kai kaɗai. Ko ku haɗu ku uku ko huɗu da masu barga na Misau ko Jama'are ku raba kuɗi da ɗawainiya, ko ka bar wani ya saya, kai ka kai goɗiya ɗaya ka biya kuɗin hawa. Batun samun kuɗin barbara kuwa, ka zauna ka ƙirga da suna mutum nawa ne za su kawo goɗiya su biya da gaske, ban da 'yan'uwa da abokai da surukai waɗanda kunya ba za ta bar ka ka karɓi ko sisi a hannunsu ba.

Tambaya: Malam, goɗiya ɗaya gare ni, ta gado ce. Ina son ɗa da zan riƙa hawan Sallah da shi. Abokaina sun ce in kai ta wurin wani sabon torobired da aka kawo cikin Gombe, amma kuɗin hawan ya ninka na sauran dawaki. Daga wani matashi a Dukku.

Amsa: Ɗan'uwa, abokanka masu son sukuwa ne, kai kuwa hawa kake so. Dokin hawan Sallah ana son wanda zai ɗauki nauyin sirdi da kayan ado, ya tsaya cikin rana, ya ji ƙarar bindiga da algaita da tambari bai zabura cikin mutane ba. Shekara 300 aka yi ana tace torobired don ya fita da gudu da zarar an sake shi. Fatarsa sirara ce, kofatonsa bai kai na dokin gida ƙwari ba, cinsa kuma ya fi. Ka nemi ingarman gida ko ruwa-biyu wanda ka ga 'ya'yansa da idonka a hawan Sarkin Gombe ko a na garinku, ka tambayi masu su halinsu.

In dai zuciyarka ta nace, to tsada ba shaidar komai ba ce. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Edinburgh ya gano cewa tsadar kuɗin barbara ba ta nuna ingancin jinin uba, kuma gado bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 na bambancin kuɗin da dawaki suke ci a tsere ba, sauran horo ne da kiwo da mahayi. Sabon ingarma shi yake bukatar goɗiyoyi don ya yi suna, saboda haka kai ne da ƙarfin ciniki. Ka nemi rabi yanzu, rabi bayan an tabbatar da ciki, in ba ta ɗauka ba a maimaita kyauta. Goɗiya tana neman namiji kusan duk kwana 21, na tsawon kwana 5 zuwa 7, ka kai ta a kan lokaci. Kuma likita ya duba su biyun kafin a haɗa su, domin akwai cututtukan da ake ɗauka ta barbara.

Tambaya: Na ji ana iya sayo maniyyin manyan dawakin Turai a daskare a yi wa goɗiya allura. Ba zai fi sayen ingarma sauƙi ba? Daga wata ɗaliba a Bauchi.

Amsa: Malama, ana yin haka a wasu jinsunan dawaki, amma ban da torobired. Dokar rajistarsu a duk duniya ita ce sai ingarma ya hau goɗiya da kansa, ɗan da aka samu ta allura ba a rubuta shi. Don haka manyan bargogin can ba sa sayar da shi, duk wanda ya ce miki yana da na Frankel a cikin tulun sanyi, ki riƙe kuɗinki. Ga masu neman ruwa-biyu waɗanda ba ruwansu da rajista, hanyar tana yiwuwa da irin wasu dawakin, amma tana bukatar likitan da zai riƙa yi wa goɗiyar hoto har ya kama sa'o'in da ƙwai yake fita, domin daskararren iri ba ya daɗewa a jikinta. Kafin ki biya kowa, ki fara tambayar likitocin dabbobi na Bauchi ko akwai mai na'urar da ya taɓa yin aikin a kan goɗiya, ba a kan saniya kawai ba.