Gurup ɗin aji a WhatsApp: in buɗe ko in haƙura?

Tambaya: Ni malamin lissafi ne a wani CEG (ƙaramar sakandare) nan Damagaram, ajina zai zauna BEPC, jarrabawar kammala CEG, bana, yara sun kai 70. Ina so in buɗe musu gurup a WhatsApp amma gabana na faɗuwa. Iyaye na cewa waya ce ke lalata yara, kuma da yawansu ma ba su da ita. In buɗe ko in haƙura?

Amsa: Malam, ka buɗe, amma da sanin darakta, kuma da lambobin iyaye ko yayye. Ka saka uwa ɗaya da malami ɗaya cikin masu kula da gurup ɗin. Ka kulle shi yadda ku kaɗai ke iya turo saƙo, sai awa guda bayan isha'i ka buɗe wa yara. Hira ta keɓe da ɗaliba kuwa, ko kusa.

Marasa waya ka haɗa su biyar-biyar bisa unguwa, na Birni daban, na Zango daban, kowane rukuni da waya guda. Bar bidiyo, yana cinye megar mutane. Hoton aiki ɗaya da saƙon murya na minti 2, da Faransanci sannan ka ƙara haske da Hausa, ya wadatar.

Inda malamai suka fi ɓata lamarin, kullum ina gani, shi ne zaton cewa tura amsoshi koyarwa ce. Malami ya zuba amsoshin tsofaffin jarrabawa shafi 40, yara su amsa da "mun gode Mushe", shi ke nan wai an yi bita. Yaron ya kwafe ka'idar Thalès ta lissafin zane tsaf a kaye (littafin rubutu), gobe ka juya masa zanen kawai, ka ga ya tsaya yana cizon biro. Idonsa ne ya saba da amsar, hannunsa bai taɓa nemo ta ba. Kuma yaron da ka saba wa jiran amsa a waya shi ne abincin mazambatan da ke ɓullowa duk jarrabawa ta gabato, suna cewa takarda ta fita, a turo jaka biyu. Wallahi abin na ƙona mini rai, uwa ta sayar da akuyarta a saya wa ɗanta tsohuwar takarda da aka sake wa shekara. Ko da ta gaske ce, satar jarrabawa ce, kama yaro da ita na iya jawo masa kora.

Saboda haka ka juya akalar. Kai ka tura tambaya, su su turo hoton kayensu. Kada ka gyara a gurup. Zaɓi kuskure biyu da suka fi yawa, ka rufe sunayen masu su, da safe ka ɗora su a allo aji ya nemo inda aka kauce. Duk wanda ya turo takardar da wai ta fita, goge ta nan take, ka kira mahaifinsa a ranar.