Amsoshin Tambayoyinku: Wane Wata Ya Fi Dacewa A Saɓi Jaka A Fita?

Tambaya: Na kusa gama bautar ƙasa, na ɗan tara kuɗi. Burina in saɓi jakar goyo in zaga Kenya da Tanzaniya har Zanzibar, ina hawa motar haya, ina kwana a masauki mai rahusa. Kowa ya ce mini Agusta ne lokacin zuwa. Haka ne? Daga wani matashi a Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya sa ka gama lafiya. Waɗanda suka ce maka Agusta ba ƙarya suka yi ba, amma shawarar mai kuɗi suka ba ka. Ni watan Yuni zan ce ka tafi, ga kuma dalilina.

Ka fara cire kalandar gida daga ranka. Mu damina ɗaya muka sani, su biyu gare su. Babbar tana sauka daga Maris zuwa Mayu, ƙaramar kuma wajen Nuwamba zuwa Disamba. Babbar ita ce abin gudu ga mai jakar goyo. Wanda ke cikin motar kamfani ana kai shi ana dawo da shi bai damu da ruwa ba. Kai kuwa da ƙafa za ka nemi tasha, kayanka duka a bayanka, idan suka jiƙe ba inda za ka shanya su. Hanyoyin cikin daji ma taɓo suke zama.

Daga Yuni zuwa Oktoba rani ne. Abin da ya ɗaukaka Agusta shi ne ƙaurar namun daji. Tsakanin Yuli da Oktoba garken wasu namun daji masu kama da shanu da suke kira nyumbu, sama da miliyan ɗaya, tare da jakunan dawa, ke tasowa daga gandun dajin Serengeti na Tanzaniya su tsallaka kogin Mara zuwa gandun dajin Masai Mara na Kenya. Daidai lokacin ne kuma makarantun Turai ke hutu. Sai jama'a su cika, kuɗin masauki ya hau, gado mai rahusa ya yi wuyar samu. Tun 2024 kuɗin shiga Masai Mara ga baƙo dala 100 ne a rana daga Janairu zuwa Yuni, ya koma dala 200 daga Yuli zuwa Disamba. Ka juya wannan zuwa naira na kwana uku kawai, za ka ga abin da nake nufi.

A Yuni ruwa ya ɗauke, daji kore shar, farashi bai riga ya tashi ba. Zaki da giwa da raƙumin dawa suna nan duk shekara, ba sa ƙaura. Abin da za ka rasa shi ne tsallaka kogin. Idan shi ne ainihin abin da ya sa ka tara kuɗin, to ka tafi a Satumba, ka rage kwanakin tafiyar, ka biya. Idan kuwa ganin ƙasa da mutanenta kake so, Yuni ya wadatar da kai.

Kada ka bar rigar sanyi a gida. Nairobi tana kan tudu kusan mita 1,800, kuma Yuni da Yuli ne lokacin sanyinta. Da asuba sai ka ji kamar hunturun Jos. Da ka hau jirgin ƙasa zuwa Mombasa, tafiyar awa biyar zuwa shida, za ka sauka cikin ɗumin bakin teku. Daga Darussalam zuwa Zanzibar jirgin ruwa kamar awa biyu ne, kuma a waɗannan watanni iskar kudu kan sa teku ya yi tsalle, don haka ka ɗauki na safe.

Akwai abubuwa biyu da ba ruwansu da yanayi. Na farko azumi. Kowace shekara yana matsowa da kusan kwana 11, a 2027 zai kama a farkon Fabrairu. Ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu shi ma rani ne mai kyau a can, amma yawo da jaka cikin zafin Zanzibar da azumi a baki ba ƙaramin aiki ba ne, ga yawancin gidajen abinci na cikin gari a rufe da rana. Yuni kuwa a 2027 ya faɗo bayan sallolin nan biyu. Na biyu zaɓe. Kenya na yin babban zaɓenta a watan Agusta duk shekara biyar, na gaba a 2027. Tun rikicin da ya biyo bayan zaɓen 2007 ba na son in ga baƙo yana yawo a motar haya a makon zaɓe.

Kada kuma ka sayi tikiti kafin biza. Tanzaniya ba ta ba mai fasfon Najeriya biza a filin jirgi ko bakin iyaka, sai ya nema tun daga gida ya jira izini, kuma yakan ɗauki makonni. Idan Yuni ka nufa, ka shigar da takardunka tun Maris. Ka riƙe katin rigakafin shawara, ka kuma ware dala 44 na inshorar dole da Zanzibar ke karɓa daga baƙi tun Oktoban 2024.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce, ni da ƙanena muke son irin wannan tafiya, amma a Afrilu kawai muke da hutu. Mu daure mu tafi Zanzibar? Daga Zariya.

Amsa: Malama, kada ku tafi. Afrilu ne tsakiyar babbar damina a can, har wasu masaukai rufewa suke yi. Rahusar da za ku gani ba ta kai asarar hutun ba. Tunda watan ba zai canzu ba, ku canza ƙasar.

Ku duba Senegal. Ba kwa buƙatar biza da fasfon Najeriya, ruwa kuma ba ya farawa sai wajen Yuni ko Yuli. Dakar a Afrilu iskar teku ke kaɗa ta, lokacin da Zariya ke cikin bazara. Tsibirin Gore tafiyar kamar minti 20 ne a jirgin ruwa, ga tsohon birnin San Luwi a arewa. Idan kuna da niyyar ziyara Kaulaha, ku sani can cikin ƙasa ne, zafinta a Afrilu yakan kai digiri 40. Ku fita Dakar da asuba, ku yi ziyararku da yamma ko bayan magariba, ku kwana, washegari da sassafe ku kamo hanya.