Tambaya da Amsa: Ina Fitattun Filayen Golf Suka Fi Taruwa a Duniya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Bara na fara buga golf, kuma duk gasar da na kalla a talabijin sai in ji ana koɗa filin da ake yin ta. Wane yanki ne a duniya ya fi tara filaye masu kyau? Wani abokina ya dage cewa Florida ce. — Mai karatu daga Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Idan ƙidaya ake yi, abokinka bai yi ƙarya ba. Filayen golf a duniya sun kai kusan 38,000, kimanin 16,000 daga ciki a Amurka suke, kuma Florida kaɗai tana da sama da 1,000, fiye da kowace jiha a ƙasar. Sai dai yawancinsu an gina su ne a tsakiyar rukunin gidaje domin a ɗaga farashin fuloti, a kan ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai tafkunan da aka haƙa. Suna da daɗin wasa, amma kaɗan ne daga cikinsu ke shiga sahun gaba idan masana suka zauna zaɓe.

Sahun gaban a wurare ƙalilan ya dunƙule. Na farko gaɓar tekun Sikotland, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan shida ba amma tana da filaye sama da 550. A gundumar Fife akwai St Andrews, inda a 1764 aka rage ramukan tsohon filin daga 22 zuwa 18, adadin da duniya ke bi har yau. Kingsbarns na kusa da shi, Carnoustie kuma a ƙetaren kogin Tay. Gabas da Edinburgh, a East Lothian, filaye kusan 20 ne jere a gaɓar da ba ta wuce kilomita 50 ba, ciki har da Muirfield da North Berwick da filaye uku na Gullane. A yamma kuma akwai Ayrshire: Prestwick, inda aka yi gasar Open, babbar gasar golf ta Birtaniya, ta farko a 1860, da Royal Troon da Turnberry da Western Gailes. Fasinjan jirgin ƙasa daga Glasgow zuwa Ayr yana hango wasu daga cikinsu ta taga, ɗaya bayan ɗaya.

Ingila na da dunƙule biyu. Ɗaya a kewayen Liverpool da arewa da ita, inda Royal Birkdale da Royal Liverpool da Royal Lytham suke, dukkansu masu karɓar gasar Open. Ɗayan kudu maso yamma da Landan, a Surrey da Berkshire: Sunningdale, Walton Heath, Swinley Forest, St George's Hill da Wentworth.

A Amurka, ka duba gabashin tsibirin Long Island a jihar New York. A garin Southampton, Shinnecock Hills da National Golf Links of America da Sebonack maƙwabtan juna ne, shinge ɗaya ya raba su. Sai Monterey a Kalifoniya, mai Pebble Beach na 1919 da Cypress Point na 1928, sai Pinehurst a North Carolina.

Amma da za a tsare mu a ce sai mun ambaci wuri ɗaya da inganci ya fi cunkushewa a ƙaramin fili, Melbourne ta Ostireliya za mu ce. A unguwannin kudu maso gabashin birnin akwai kulob takwas a kan wani zirin rairayi: Royal Melbourne, Kingston Heath, Victoria, Metropolitan, Commonwealth, Huntingdale, Yarra Yarra da Peninsula Kingswood. Wasunsu titi kawai za ka tsallaka. Idan kuwa ana maganar inda baƙo zai biya kuɗinsa ya shiga ba tare da ya san kowa ba, Sikotland ba ta da na biyu.

TAMBAYA: Me ya sa sai waɗannan wuraren? Kuɗi ne, ko akwai wani sirri? Ni injiniyan gine-gine ne, ina son bayani na zahiri. — Injiniya daga Kano

AMSA: Injiniya, sirrin yana ƙarƙashin ciyawa: rairayi. Kusan duk wuraren da muka lissafa a sama, in ka cire wani sashe na Monterey, a kan jigawa suke. Na Sikotland tuddan rairayi ne da teku da iska suka tara tsakanin gonaki da bakin ruwa, ƙasar da ba ta noma sai kiwon tumaki da zomaye. Irin wannan filin ake kira links, kuma na haƙiƙa ba su kai 300 ba a duniya. Na Long Island kuwa rairayi ne da tsakuwa da ƙanƙarar zamanin da ta bari.

Rairayi na yin aiki uku. Ruwa na zurarewa nan da nan, don haka ana iya wasa jim kaɗan bayan sama ta ɗauke. Ƙasa tana zama da ƙarfi, ƙwallo ta sauka ta yi tsalle ta gangara, sai tudu da kwarin filin su shiga cikin lissafin ɗan wasa. A kan laka kuwa ƙwallo inda ta faɗi nan take tsayawa, wasan ya koma na auna nisa kawai. Na uku, ƙasa marar taki tana fitar da siririyar ciyawa mai dogon saiwa, wadda take jure aski ƙasa-ƙasa. Ga kuma sauƙin gini: kwarin yashi, wato tarkon yashin da ƙwallo ke faɗawa, haƙa shi kawai za a yi, ba sai an yi jigilar yashin daga wani wuri ba. Shi ya sa a Melbourne za ka ga bakin kwarin yashi a yanke tsaf har cikin fagen rami, wato shimfiɗar gajeriyar ciyawar da ramin yake, babu ko taku ɗaya na doguwar ciyawa a tsakani. A ƙasar laka irin wannan bakin zai zabtare a damina ɗaya.

Bayan rairayi sai birni mai arziki a kusa, da jirgin ƙasa da zai kai attajirai su dawo a yini guda. Haka Surrey da Long Island suka bunƙasa. Sai kuma gwanin zane. Alister MacKenzie ya je Ostireliya a ƙarshen 1926, bai yi wata uku ba, ya zana filin yamma na Royal Melbourne, ya ba Kingston Heath da Victoria shawara kan kwarurrukan yashinsu. Alex Russell da mai kula da fili Mick Morcom ne suka aiwatar bayan tafiyarsa, maƙwabta kuma suka kwaikwaya. Haka dunƙule ke samuwa.

Inda babu rairayi, kwaikwayonsa ake yi a fagen rami. Tsarin da hukumar golf ta Amurka ta fara fitarwa a 1960 shi ne: a daidaita ƙasan a danne, a yanka ramukan bututun magudana mai faɗin santimita 10, tazarar da ba ta wuce mita 5 ba tsakanin layi da layi, a shimfiɗa tsakuwa wankakkiya santimita 10, a ɗora cakuɗen yashi da ɗan ruɓaɓɓen tsiro santimita 30. Kurakuran da suka fi kashe aikin uku ne. Idan ƙwayar tsakuwar ta yi wa yashin girma, yashin zai zurare ciki ya toshe magudana, saboda haka ake kai su ɗakin gwaji tare kafin a saya. Idan kaurin saman bai zama ɗaya ba, inda ya yi kauri zai bushe, inda ya yi siriri ya jiƙe. Idan kuma daga baya aka riƙa barbaɗa yashin da ya fi na asali laushi, ko mai ƙura, sai ya yi wani faifai da ruwa ke kwanciya a kansa, saiwa ta ruɓe, ƙasan ya yi baƙi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Ban ruwa fiye da kima shi ma yana lalata fili ko da a kan jigawa yake. Filin Pinehurst mai lamba 2, wanda Donald Ross ya buɗe a 1907, ya koma kore shar daga gefe zuwa gefe har ya rasa kamanninsa. A 2010 zuwa 2011 Bill Coore da Ben Crenshaw suka kankare kimanin eka 35 na ciyawar gefe, suka mayar da rairayi da tsiron daji, suka cire fiye da rabin kawunan fesa ruwa. Filin ya karɓi gasar US Open a 2014 da 2024.

TAMBAYA: Zan je Edinburgh bikin yaye ɗiyata, ina kuma so in buga a tsohon filin St Andrews. Yaya ake yi? — Hajiya daga Abuja

AMSA: Hajiya, Allah ya sanya alheri. Filin na jama'a ne, wata hukumar amintattu ke kula da shi, mata da maza duk suna bugawa. Ki fara da takardar shaidar handikaf, wato lambar da ke nuna matakin ƙwarewar ɗan wasa, daga kulob ɗinki. Ba a karɓar wanda nasa ya haura 36.

Hanyar da ta fi dacewa da ke ita ce ƙuri'a. Ana shiga ta intanet ko ta waya kwana biyu kafin ranar wasa, kafin ƙarfe 2 na rana, da sunayen 'yan wasa biyu zuwa huɗu da kulob da handikaf na kowa. Sakamako na fitowa da yammacin ranar. Idan ke kaɗai ce, akwai wata ƙuri'ar ta ɗaiɗaiku, wadda sai kin je da kanki kin yi rajista ana gobe. Kada ki ware rana ɗaya tak, domin a watannin zafi masu nema sun ninka guraben. Ki ba kanki kwana uku ko huɗu, ki kama gurbi a filin New ko na Jubilee da ke jikinsa don kada tafiyar ta tashi a banza. Kuɗin shiga a tsakiyar shekara ya haura fam 300, ban da na mai ɗaukar jaka. Ranar Lahadi a rufe yake ga wasa, mutanen gari ke yawo a cikinsa. Daga Nuwamba zuwa Maris kuɗin na sauka, amma za a ba ki 'yar tabarmar roba ki riƙa ɗora ƙwallo a kai don kare ciyawa. Daga Edinburgh jirgin ƙasa za ki hau zuwa Leuchars, sai bas na 'yan mintoci. Da ƙafa ake zagayawa. Motar fili sai mai takardar likita.

Ki ɗauki mai ɗaukar jaka, kada ki yi tsimi a nan. Filin na da kwarurrukan yashi sama da 100, da yawa ba a ganinsu daga wurin bugun farko. Fage bakwai kuma ramuka bibbiyu ne a kansu, lambobinsu in an haɗa 18 suke bayarwa: 2 da 16, 3 da 15, haka har 8 da 10. Baƙi kan auna tutar da ba tasu ba. Farar tuta ta ramuka tara na farko ce, ja ta tara na ƙarshe, ban da ramin ƙarshe da tasa fara ce.

Salon bugu ma sai an sauya. Ƙwallon da aka ɗaga sama iska ke tafiya da ita, in ta sauka kuma ta tsallake fage. Ki sauke ta mita 10 zuwa 20 kafin fagen ta gangara da kanta. Idan iska na fuskantarki, ki ɗauki sandar da ta fi kai ƙwallo nesa da mataki ɗaya ko biyu ki sassauta bugu, domin bugu da ƙarfi yana ƙara wa ƙwallo juyi ta tashi sama. In kin faɗa kwari mai miƙaƙƙen bango, ki fita ta gefe ko ta baya.

TAMBAYA: Na Long Island fa, baƙo na iya shiga? — Ɗalibi daga Zariya

AMSA: Shinnecock da National da Sebonack sai mamba ya gayyace ka. Wanda ke buɗe ga kowa shi ne Bethpage Black na gwamnatin jiha, inda aka yi gasar Ryder Cup ta 2025. Mazauna jihar sun fi samun gurbi da rangwame, kuma filin yana wahalar da ɗan koyo ƙwarai.

TAMBAYA: A Afirka ina ne cibiyar? Mu da muke da rairayi har ya yi yawa a Arewa, me ya hana mu? — Mai karatu daga Gumel

AMSA: Afirka ta Kudu ce kan gaba nesa ba kusa ba, da filaye sama da 400. Dunƙulenta mafi kyau yana gaɓar kudu, wajen George da Mossel Bay, inda Fancourt, mai masaukin gasar Presidents Cup ta 2003, da Pinnacle Point suke. Gabas da nan akwai Humewood a Gqeberha, links na gaske. Maroko na biye da Dar Es Salam na Rabat da filayen Marrakesh. A Najeriya filayen a warwatse suke: Rayfield na Jos tun 1913 zamanin haƙar kuza, Ikoyi a Legas, IBB a Abuja, Ibom a Uyo, da na Kano da Kaduna.

Abin da ya hana mu ruwa ne, Malam. Rairayin Sikotland yana samun yayyafi da sanyi duk shekara, namu kuwa yana wata bakwai ko takwas babu ɗigo. Ga lissafi: milimita 1 na ruwa a kan hekta 1 lita 10,000 ne. A bazara ciyawa na iya shan milimita 7 a rana. Fagage 18 kimanin hekta 1 ne, wato lita 70,000 kullum. In ka ƙara hanyoyin ƙwallo daga wurin bugun farko zuwa fage, hekta 12, ka kai lita 910,000. Wannan ne ya sa tsofaffin filayen Arewa suka dogara da fagen yashi da aka cakuɗa da mai, a ja buhu ko tabarma a share layin ƙwallo kafin kowane bugu. Baƙin man inji da aka saba amfani da shi yana gurɓata ƙasa da ruwan rijiya, ba mu ba da shawararsa.

Kulob ɗin da ke son ciyawa ya taƙaita ta ga fagage da wuraren bugun farko, ya bar sauran ga damina. Dangin kiri-kiri ne ke jure zafinmu. Ciyawar Turai ba ta kai watan Afrilu. A gwada gishirin ruwan burtsatse kafin a shuka, a yi ban ruwa da asuba, mai yawa amma jefi-jefi don saiwa ta nutsa, a kuma riƙa huda fagen ana cika hudojin da yashi iri ɗaya da na ginin a farkon damina, lokacin da ciyawar ke saurin murmurewa. Gara ma sai an sa mata ido, domin a rani fagen ne kaɗai danshi a duk filin.